Hilux ɗin Alhaji da ƙarar da aka yi wata 7 ana nema, ashe robobin zaman kabin ne

Ranar wata Alhamis aka kawo min motar, na riƙe ranar ne sabida kasuwar Dole na ci, hanya ta cushe da amalanke da 'yan kabu-kabu, direban yace sai da ya zagayo ta bayan Sabon Gari kafin ya samu ya iso gareji. Hilux ce duble kabin ta 2010 mai injin gazuwal 5L, farar nan da kowa ya sani a Damagaram. Mai ita wani dattijo ne ɗan kasuwa, tana kai masa kaya kasuwannin ƙauye ta wajen Tanut da Belbeji, wani lokacin kuma ta yi gabas wajen Gure ta ɗauko kanwa. Motar ba ta hutawa, kwana biyu a gari kwana biyar a daji.

Ƙorafin direban ɗaya ne. Yace maigida in ina bisa kwalta mai kyau lafiya lau, amma da na sauka burji ko na faɗa rami sai inji gwaf daga ƙarƙashin ƙafata kamar an buga guduma, haka in na taka birki da ƙarfi sai inji wani abu ya matsa gaba ya dawo. Wata 7 ana bin wannan ƙara. An canja amortisa na gaba, wato abin da ke shanye tsallen ƙafa, an canja na baya, an canja rotil, wato gaɓoɓin ƙafar gaba, an canja robobin lam, wato jerin ƙarafan nan masu ɗaukar lodi a ƙafar baya, har an taɓa sauke ƙafar gaba gaba ɗaya an maida. Duk gyaran da aka yi sai ƙarar ta yi kamar ta ragu kwana biyu sannan ta dawo. Ni ban ga laifin waɗanda suka yi aikin can baya ba sosai, dan duk wanda aka ce masa mota na ƙara a rami ƙafa zai fara dubawa, kuma wasu kayan da suka cire lalle sun gaji. Sai dai ba su ne ke kukan ba.

Akwai abin da maigidan da ya koya min aiki ya saba yi, Allah ya jiƙansa, in an kawo masa irin wannan mota ba ya fara shiga ƙarƙashinta, sai ya sa a ajiye ta wuri mai daidai ya ja baya kamar taku goma ya tsaya yana kallo. Shi na yi. Jikin Hilux akwai layin nan da ya taso daga ƙofar gaba ya bi ta baya ya wuce har bak ɗin da ake loda kaya, in mota na lafiya layin kabin da na bak suna haɗuwa kamar an ja da zare. A gefen fasinja sun kusa haɗuwa. A gefen direba na kabin ya sauka ƙasa, ido ma na gani ba sai an sa mita ba. Na leƙa tsakanin kabin da bak, tazarar ta sama ba ɗaya take da ta ƙasa ba, kuma a kusurwa fenti ya goge alamar sun taɓa gogar juna. Nace da direban buɗe ƙofarka ka rufe in gani. Ya buɗe, da zai rufe sai na ga ya ɗan ɗaga ta da hannu sannan ya bugo da ƙarfi. Nace tun yaushe kake haka? Yace wallahi har ya saba bai ma san yana yi ba.

Ga wanda bai taɓa kwanciya ƙarƙashin irin wannan mota ba, ba kamar ƙananan motoci take ba irin su Starlet da Corolla da jikinsu gaba ɗaya ƙarfe guda ne. Ita gida uku ce. Akwai shasi, manyan ƙarafa biyu da aka haɗa kamar tsani a kwance, shi ke ɗauke da inji da giya da ƙafafu da tanki. Akwai bak da aka ɗaure bisa shasin daban. Sai kabin, wato kan motar inda mutane ke zama, shi kuma ba a walda shi da shasi ba, ɗora shi aka yi bisa robobi aka zura dogayen bulon aka ɗaure. Robobin nan su muke ce ma silanbulok na kabin, mutanen Kano su ce bushin. Aikinsu aikin gammo ne tsakanin kai da tulu. Shasi na murɗawa yana lanƙwasa kaɗan-kaɗan duk lokacin da ƙafa ɗaya ta hau tudu ɗaya ta faɗa rami, haka aka ƙera shi, amma kabin mai gilashi da ƙofofi ba ya son murɗa, to robar ce ke shanye wannan bambanci, ita ke shanye girgizar inji da ta hanya kuma. A wannan motar wurin zama 6 ne, 3 kowane gefe, na gaba can wajen radiyata, na tsakiya ƙarƙashin ƙafar direba da ta fasinja, na baya a ƙarshen kabin. Kowane ɗaya roba biyu ne, ta sama mai ɗaukar nauyi da ta ƙasa mai riƙe kabin kar ya yi tsalle, da ɗan bututun ƙarfe a tsakiya da bulon ke bi ta ciki, da faifan ƙarfe sama da ƙasa.

Da na shiga ƙasa da tocila ban jima ba. Ta tsakiya gefen direba robar sama ta baje kamar waina, ta kumbura ta gefe ta tsattsage, in ka taɓa ta sai ta manne maka a yatsa kamar ƙaro. Ta ƙasa kuwa rabinta ma babu, faifan ƙarfen sai juyawa yake da hannu. Na sa dogon ƙarfe tsakanin shasi da kabin na ɗan danna, kabin ya ɗaga ya sauko gwaf. Direban na tsaye a waje yace ita ce wallahi, ita ce ƙarar. Na auna tsayi daga shasi zuwa ƙasan kabin hagu da dama, bambancin santimita 1 da rabi. Kaɗan ne a baki amma a jikin mota ba kaɗan ba ne.

Na buɗe gaban mota na nuna masa wani abin da ya fi ƙarar tada min hankali. Radiyata da gidan fanka a jikin kabin suke, ita kuwa fanka a jikin inji take, inji kuma bisa shasi. To in kabin ya zauna ƙasa gidan fankar na sauka tare da shi amma fankar na nan inda take. A saman gidan ta ciki ga sawun fukafukan fanka nan sun fara cin robar. Da an ƙara wata biyu ko uku a haka wata rana a rami fuffuke zai karye, kuma in ya karye radiyata yake nufa, ka tuna tsakanin Damagaram da Tanut wajen kilomita 150 ne, ka tsaya a tsakiya da bazara ba ruwa a inji ga kayan mutane a baya. Gilashin gaba ma akwai tsaga da ta taso daga kusurwar ƙasa gefen direba, shi yana ce dutse ne, na duba ban ga wurin da dutse ya buga ba, murɗawar kabin ce.

Abin da na fi so in sani shi ne mi ya kashe robar haka, dan in ba a gano ba sabuwar ma hanyar za ta bi. Zafi dai kowa ya san namu, Afrilu da Mayu digiri 40 ya wuce, roba na bushewa ta tsage ko ba a taɓa ta ba, ga shekarun motar. Amma roba da rana ta kashe bushewa take ta yi tauri, wannan kuwa narkewa ta yi. Na tambayi direban a hankali. Yace tun farko wani ƙiiƙii ta fara yi, sai aka ba shi shawara ya riƙa zuba baƙin mai a wurin, ya zuba ta yi shiru, to duk lokacin da ta fara sai ya ƙara. Kuma wajen wankin mota in sun gama suna fesa ma ƙarƙashinta gazuwal haɗe da baƙin mai wai maganin tsatsa da ƙara. Nan take. Irin wannan roba ba ta shiri da mai ko kaɗan, tana shan shi ta kumbura ta yi laushi sannan nauyi ya murƙushe ta. Sai na uku, bisa rufin kabin an yi walda wani babban abin ɗora kaya, jarka 4 na gazuwal masu lita 20 da tayar safaya kullum suna can, wani sa'in har yaran mota su hau. Mutane na ɗauka lodin bak ne ke kashe robobin kabin, shi lodin bak bisa shasi da lam yake sauka. Abin da ka ɗora bisa rufi shi ne ke sauka kai tsaye bisa robobi 6 ɗin nan, kuma da yake yana can sama duk lokacin da mota ta yi gefe sai ya riƙa jan kabin hagu da dama.

Da la'asar Alhaji ya zo da kansa. Na kai shi ya gani da idonsa, ya daɗe yana kallon robar sannan yace to malam, ba sai a yanko tsohuwar taya a sa ba, ai haka muke yi tun zamanin Land Rover. Nace Alhaji Allah ya ƙara girma, gaskiya ne ana yi, ni ma na taɓa yi a daji dan mota ta iso gida, kuma ta iso. Amma ba zan sa muku ita a nan in ce na gyara ba. Na yi masa bayani, taya an yi ta da zare da waya a ciki dan kar ta matse, to abin da ba ya matsewa ba ya shanye duka, dukan zai wuce kai tsaye cikin falon kabin wanda ƙarfensa siriri ne, ƙara za ta ɗauke yau amma bayan wata shida ƙarfen ne zai fara tsagewa kewayen bulon. Sannan yankan hannu ba ya zuwa kauri ɗaya, kabin zai zauna a karkace, kuma ta asali tana da wani ɗan wuya da ke shiga ramin shasi ya riƙe ta a tsakiya, yankakkiyar taya ba ta da shi. Yace to a canja guda ɗayan da ta mutu mana. Nan ma na ƙi, dan sabuwa ta fi tsofaffin tsayi, in ka sa ta ita kaɗai nauyin gefen duka kanta zai koma ta mutu da wuri, kabin kuma ya zauna kamar tukunya bisa murhun da dutse ɗaya ya fi sauran. Na san mutum ne da ya riga ya zuba kuɗi da yawa a ƙarar nan ba biyan buƙata, dole ya yi shakka, ban ji haushi ba. Nace ku ba ni dama, in ƙarar ba ta ɗauke ba kuɗin aikina na yafe. Ya yi shiru sannan yace Allah ya sa albarka, a yi.

Samun kayan ya ɗan ja. A gari na zagaya na samu guda biyu kawai kuma ba na wurin da nake so ba, dan na gaba da na tsakiya da na baya ba girma ɗaya ba ne, ba a musanya su. Akwai masu launin ja da rawaya da ake kawowa yanzu, su ba sa tsoron mai, amma suna da tauri, a irin burjinmu mai kunya-kunya girgizar duk a ƙugun direba za ta ƙare, ni baƙar roba na fi so ga wannan aiki. Na tura ma wani da nake sayen kaya wurinsa a Kofar Ruwa ta Kano lambar shasi da hotuna ta WhatsApp, ya haɗa saiti cikakke sama da ƙasa da bututan, ya ba direban da ke bin hanyar Daura da Matamaye. Kwana 4 suka iso. Da suka zo na danna kowace da farce na lanƙwasa ta a hannu, dan akwai jabu masu ƙyalli kamar robar bokiti, da ka lanƙwasa sai ka ga farin layi. Waɗannan sun yi.

Kwana huɗun nan ba a banza suka tafi ba, safe da yamma yaro na fesa ma notin nan 6 man kwance tsatsa, a hankali yadda zai shiga zaren bulon. Wannan shi ke raba aikin yini ɗaya da na kwana uku.

Ranar Talata bayan asuba muka fara tun rana ba ta yi ba. Mota bisa daɓen siminti, an sa duwatsu gaba da bayan tayu, an sauke jarkoki da safaya daga rufi, na cire kan batir. Muka ɗaga shimfiɗar ƙasa ta cikin kabin dan kan bulon na tsakiya da na baya ta ciki ake kama shi noti kuma ta ƙasa. Da muka ɗaga ta gefen direba sai ga yashi kamar a gulbi, ƙarƙashinsa kuma tsaga siririya a falon ta fara zagaya bulon ɗin, abin da nake gaya ma Alhaji ke nan taya za ta jawo, ashe mutuwar robar ma ta riga ta fara jawo shi.

Kafin a ɗaga kabin sai ka zauna ka lissafa duk abin da ƙafarsa ɗaya ke jikin kabin ɗaya ke jikin shasi ko inji. Tiyon radiyata na sama da na ƙasa, gidan fanka, bututan birki da na kuloc inda suka sauko, sandar sitiyari, kebul na birkin hannu, wayar mas, tiyon iska, da damin wayoyi. In ka ɗaga da yawa ɗayansu zai ja, kuma mafi muni shi ne wanda ba zai tsinke a gabanka ba sai ya ji ciwo ya bari sai an yi nisa. Na kwance gidan fanka na bar shi a rataye, na saki maƙalan da suka riƙe bututan birki dan su samu sarari, na sa alamar fenti a mahaɗar sandar sitiyari na sassauta ta. Sannan muka sassauta noti duka 6, na dama muka bar su a jiki da 'yan zare kaɗan dan kabin kar ya zame, na hagu muka cire. Gefe ɗaya ake yi a gama sannan a koma ɗayan, ba a taɓa cire duka a lokaci guda.

Kirik kuma, wato jak na ɗaga mota, ba a kafa shi kai tsaye a falon kabin, zai lotsa shi kamar gwangwani. Katako mai kauri mai tsawo muka shimfiɗa ƙarƙashin inda ƙarfen ke da ninki ta bakin ƙofofi, kirik ya tura katakon. Yaro ɗaya a kirik, ɗaya tsaye a gaban inji idonsa bisa tiyo da wayoyi, ni a ƙasa. Bugu biyu a tsaya a duba, bugu biyu a tsaya. Santimita 4 zuwa 5 ya ishe mu, iyakar yadda roba za ta fita.

A nan ne ƙaramin yaron garejin, bai fi wata biyar da zuwa ba, ya ga robar ta saki sai ya miƙa hannu tsakanin shasi da kabin zai zaro ta. Na daka masa tsawa har mai shayin bakin hanya ya leƙo. Ba mu riga mun sa katakon tsaro ba, kabin ɗin kirik kaɗai ke riƙe da shi, kuma kirik mai mai ne, roba ɗaya ta saki a cikinsa ya sauke. Daga baya na kira shi gefe nace kai yaro ba dan na tsane ka ba ne, na san mutum a garin nan da yatsu uku suka tafi a irin wannan wuri, hannun nan shi ne jarinka. Muka cusa guntayen katako masu ƙarfi tsakanin shasi da kabin gaba da baya, sannan ma da filaya da lanƙwasasshiyar waya muka jawo robobin.

Na gaba da na tsakiya sun fito ba gardama. Na baya gefen hagu shi ya ci mana rana. Noti ya kwance amma bulon ya ƙi fita, ya yi tsatsa ya haɗe da bututun da ke cikin robar sun zama abu guda. Mu nan ba mu da tsatsa irin ta motocin bakin teku ko waɗanda aka sauke daga Turai inda ake zuba gishiri a hanya lokacin sanyi, to mi ya kawo ta nan? Kanwa. In an lodo ta aka yi ruwa ko aka wanke bak, ruwan na gangarowa ta gaba ya zubo daidai kan wannan wurin, shekara da shekaru. Babban yarona yace a kawo wuta a gasa shi. Nace a'a, tanki da bututan mai ba nisa, robar ta sha baƙin mai za ta kama kamar tsumma, ga kujeru a sama. Da bakin zarto muka yanka shi ta tsakanin kabin da shasi, ana karɓa-karɓa, ya fi awa ɗaya. Madadinsa ban yarda da bulon ɗin kasuwa mara lamba a kai ba, ƙarfensu laushi gare shi, na aika wurin masu kayan tsofaffin motoci aka ciro na wata Hilux da ta yi hatsari, tsayi ɗaya zare ɗaya.

Da muka goge kunnen shasi na tsakiya, wato ƙarfen da robar ke zama a kai, sai wata matsalar ta fito. Ramin da ya kamata ya zama da'ira ya zama kamar ƙwai dan bututu ya daɗe yana cin gefensa, kuma tsaga ta taso daga bakin ramin ta nufi waldar shasi. Da mun ɗora sabuwar roba a haka da mun yi aikin banza. Na kira mai walda na maƙwabta, mutum ne mai haƙuri da aiki. Ya huda ɗan rami a ƙarshen tsagar dan kar ta ci gaba, ya fafe ta ya cike, ya yanko faranti ya huda shi daidai wuyan sabuwar roba ya liƙa ta ƙasa, saman kuma ya cike inda ya cinye ya goge ya koma daidai dan tsayin wurin kar ya canja. Mun rufe bututan mai da na birki da jiƙaƙƙen buhu da guntun kwano, bokitin ruwa a kusa. Ya kama tsagar falon ma. Muka bari ya huce sarai, muka shafa fenti, muka tafi sallar azahar.

Sa sababbin ba wuya, abin kula kawai kar a juya su kuma kar a sa ta wani wuri a wani wuri, shi ya sa tun da safe na jera su a ƙasa yadda za su zauna a mota. Inda ta yi tauri ruwan sabulu muka shafa, ba mai ba, ba giris ba. Bulon kam na shafa ma jikinsa giris kaɗan inda zai zauna cikin bututu dan wanda zai kwance nan gaba. Aka cire katakai aka sauke a hankali, aka kama noti da hannu ba a ɗaure ba, muka koma dama. Dama minti 40 ta ɗauka, robobinta sun bushe sun tsage amma ba su narke ba, direban yace can ba ya zuba mai dan ba ya jin ƙararta.

Ɗauri shi ne inda ake yawan ɓata aikin a ƙarshe. Sai kabin ya sauka da nauyinsa duka bisa robobi 6, kirik ya fita, sannan a daidaita shi. Na auna tazarar kabin da bak hagu da dama, akwai bambanci kaɗan, muka tura da dogon ƙarfe da katako har ta zo ɗaya, na duba fanka ta dawo tsakiyar gidanta, na rufe ƙofofi huɗu ɗaya bayan ɗaya. Sannan aka ɗaure, hagu dama hagu dama, da kile, wato sufana, mai awon ƙarfin ɗauri a kan adadin da littafin motar ya faɗa. Yara na son su zura bututu a kile su hau kai, suna ganin in an matse roba sosai ta fi riƙo. Ba haka ba ne, bututun ƙarfen nan na tsakiya shi ke tsaida ɗaurin, da faifai sun dafe shi roba ta matsu iyakar yadda aka tsara mata, abin da ka ƙara bayan nan bulon kake ja har ya miƙe. Na maida sandar sitiyari kan alamarta na ɗaure, na juya shi ƙarshe zuwa ƙarshe ba inda ya kama, aka maida maƙalan birki da gidan fanka da kan batir.

Gab da magariba muka fita gwaji ni da direban, muka ɗauki hanyar Mirya muka sauka wani burji da na sani mai ramuka. Ya shiga ramin farko a hankali yana jiran gwaf, shiru. Ya ƙara wuta ya shiga na biyu, ya taka birki da ƙarfi, shiru. Da muka tsaya ya fita ya tura ƙofarsa da yatsa biyu ta rufe, ya sake buɗewa ya sake rufewa har sau uku.

Ba komai ne ya warke ba, kuma na gaya ma Alhaji haka washegari. In mota na tsaye inji na aiki akwai karkarwa da ke zuwa sitiyari, wannan robobin zaman inji ne, su ma sun sha fesar gazuwal ɗin, da can ƙarar kabin ce ta rufe su. Za su iya kai ƙarshen damina amma ba za su wuce ba. Gilashi kuma yanzu ne lokacin canja shi, da an canja kafin a daidaita kabin da sabon ma ya tsage. Da ya haɗa lissafin kaya da walda da aikina bai kai rabin abin da ya kashe a wata bakwai ɗin ba, ya juya wajen direban ransa a ɓace kan zancen baƙin mai. Nace Alhaji ku yi haƙuri da shi, ba wanda ya taɓa gaya masa, kuma rabin motocin da ke shigowa garejin nan haka ake musu a wurin wanki, shi da ya faɗi gaskiya ma shi ya taimake mu. Maganar rufi ce muka ɗan ja, shi yana ganin jarkoki in sun koma bak sun ci wurin buhu biyu. A ƙarshe aka tsaya jarkoki su sauka, safaya ta zauna, mutum kuma kar ya ƙara hawa.

Bayan sati biyu, ta je Tanut sau biyu ta dawo, direban ya kawo ta kamar yadda na roƙa, dan sabuwar roba na ɗan zama in ta ɗauki nauyi. Na bi notin da kile, biyu na tsakiya sun karɓi kamar kwatan juyi, sauran na nan daram, waldar ba ta motsa ba. Na ɗauko jan fenti na ja layi daga kowane noti zuwa faifansa, na sa shi ya kwanta ya ga inda suke duka 6, nace duk ranar da kake duba mai da ruwa kafin tafiya ka leƙa, in layi ya rabu ka kawo ta. Yace yanzu in ya kai wanki a kansu yake tsayawa har su gama, ruwa kawai yake bari su sa a ƙasa. Robobin injin na riga na tura lambarsu Kano.